Ku Tambayi Masu Sana'a: Wanki da Guga a Umdurman da Kewaye

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, wutar lantarki da ruwan famfo suka zama sai an dace a unguwanni da yawa na Hartum, Bahri da Umdurman. Injin wanki ya koma lungu, baho da dutsen guga na gawayi suka dawo bakin aiki, kuma 'yan'uwanmu Hausawa da dama, maza da mata, da wannan sana'a suke riƙe da gida. Wasiƙun da suka taru a kanta muka miƙa wa waɗanda suka daɗe a cikinta, ga abin da suka amsa.

Daga wata uwa a Umbadda: Da ruwan karo, wanda ake kawowa a amalanken jaki, nake wanki. Da damina ta kama, fararen jallabiyoyin da ake kawo mini sai su koma jaja-jaja, na ƙara omo amma abin sai gaba yake yi. Ina mafita?

Hajiya, ki bar omon nan haka, ba shi ne ya gaza ba. Daga watan Yuli zuwa Satumba Shuɗin Nilu yana gangarowa daga tsaunukan Habasha ɗauke da laka, wanda ya tsaya a Mugran inda kogunan biyu suke haɗuwa zai ga bambancin launinsu da idonsa. Lakar nan laushinta ya fi na gari, ba ta saurin kwanciya, zaren auduga kuwa tace ta yake yi yana riƙewa. Duk ɗaurayar da kika yi da irin wannan ruwa, sabuwar ƙasa kike shimfiɗa wa rigar. Saboda haka ruwan za a fara wankewa kafin a wanke kaya.

Ki nemi alam, wanda a kasuwa a nan ake kira shabb. Ga ganga mai lita 200, ki daka shi ki ɗebi babban cokali ɗaya a shafe, ki narkar a kofin ruwa, ki zuba. Ki juya da sanda da ƙarfi na minti 1, sannan a hankali na minti 5, ki rufe ki bar shi awa 3 ko ya kwana. Idan ruwan ya yi kauri sosai, cokali biyu. Kada ki wuce haka. Alam da ya yi yawa yana sa ruwa tsami, yana kashe kumfar sabulu, rigar ta fito da wani kaushi a hannu. In ya kwanta, ki zuƙo na sama da tiyo, ki bar kamar taki ɗaya a ƙasa, wannan ki zubar, ki ɗauraye gangar kafin mai karo ya sake zuwa.

In alam ya yi wuya, 'ya'yan zogale suna yi, mutanen bakin kogi a ƙasar nan sun daɗe da saninsu a wannan aiki. A ɓare busassu, a daka su lukui, ƙwaya ɗaya ga kowace lita, wato kamar 20 ga jarka guda. A kaɗa garin a kwalba da ɗan ruwa, a tace da kyalle a cikin bokiti, a juya, a jira awa 1 zuwa 2. Aibinsa ɗaya, ruwan zogale ba ya son kwana, washegari sai ya fara wari.

Sai ki duba gangar kanta. In ta ƙarfe ce kuma cikinta ya yi tsatsa, wani jan daga nan yake, gara ta roba. Rigunan da suka riga suka yi ja kuwa, ki narkar da babban cokali ɗaya na gishirin lemo, wato farin garin tsamin nan (citric acid), a ruwa lita 5, ki jiƙa su rabin awa, ki ɗauraye sau biyu, sannan ki wanke da omo yadda kika saba. Kada bilic ya kusanci wannan ruwa. Ban da cewa bilic ƙara kama tsatsa yake yi a zare, haɗuwarsa da duk wani abu mai tsami tana tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu.

Daga wani magidanci da ya koma Bur Sudan: A nan sabulu ba ya kumfa, wani farin abu ne ke tasowa a saman baho, kayan kuma ko sun bushe sai a ji su da danshi.

Malam, matsala biyu ce ta haɗe maka. Ta farko ruwa mai nauyi, wanda ya kwaso sinadaran duwatsu daga rijiya. Su ne suke kama sabulun sanda su mayar da shi wannan farin dusar, ita kuma ta manne a zare ta sa farin kaya ya yi toka-toka. Gwajinsa ba wuya: zuba ruwan rabin kwalba, kankara ɗan sabulu a ciki, ka girgiza. In kumfa ta tashi ta tsaya, ruwan lafiya lau. In ya yi fari kamar tsari babu kumfa, mai nauyi ne. Maganinsa sodar wanki, babban cokali ɗaya ga lita 10, a zuba a juya a jira minti 10 kafin omo ya shiga. Kanwa, wadda ake kira atrun, tana yin wannan aiki, sai dai tana da ƙasa a jikinta: a jiƙa cikin tafin hannu ɗaya a lita guda ta ruwan zafi, a bari ta kwanta, a tsiyaye na sama kawai. A irin wannan ruwa omo ya fi sabulun sanda, a bar sandar don wuyan riga. Siliki da ulu ba sa shiri da soda ko kanwa.

Ta biyu zartsi. Tun da madatsar Arba'at ta fashe a watan Agustan 2024 ruwan daɗi ya ƙara tsada a garin, mutane da yawa suka koma ruwan da ke da gishiri-gishiri. Soda ba ta cire gishiri. In ya bushe a cikin zare, shi ne yake janyo laimar iskar teku, rigar ta ƙi bushewa sarai, daga nan sai fumfuna. Ka yi jiƙo da wanki da ɗauraya biyu da ruwan zartsin, amma ta ƙarshe ka daure ka sayi ruwan daɗi. Jarka ɗaya ta ishi jallabiya 10.

Daga wani matashi a Mayo: Ina so in fara wankin kuɗi, jarina kaɗan ne kuma ruwa saye nake yi. Ku tsara mini aikin daga farko, da yawan ruwan da zan ci.

Allah ya sa albarka, ɗan'uwa. Baho uku masu faɗi, bokiti biyu, buroshi mai laushi, igiya da mamatsan shanya sun isa farawa. Mu ɗauki jallabiya 10 a matsayin zubi ɗaya.

Kafin ruwa ya taɓa komai, ka zazzage aljihu. Biro ɗaya ko ƙullin tumbak, tabar leɓe, da aka manta ya isa ya ɓata zubin gaba ɗaya, kuma ka tuna jallabiyar Ansar, mabiya Mahadi, tana da aljihu gaba da baya. Ware fari daban, masu launi daban, kayan aikin gareji da na yara daban. Duk sabon yadi mai launi, jiƙa bakin lafinsa ta ciki ka danna da farin kyalle, in ya bar launi to mai zuba ne, shi kaɗai za a wanke shi, da ruwan sanyi, da sauri.

Ka kakkaɓe ƙura, sannan ka tsoma kayan a ruwan sanyi zalla ka ɗan cuɗa ka matse. Masu gaggawa suna tsallake wannan mataki, alhali a garin da habub, guguwar ƙura, ke tashi shi ne yake cire ƙasar da za ta cinye maka omo a banza. Sai jiƙo: lita 20, omo babban cokali 4, a narkar da shi tukuna kafin kaya su shiga, domin ƙwayar omo da ta zauna a kan yadi mai launi tana barin ɗigo. Rabin awa zuwa awa 1 ya isa. Jiƙon kwana a zafin Hartum ba ya ƙara tsafta, ruwan tsami yake yi, daudar da ta fita ta koma cikin zare, shi ne ake cewa kaya sun dafe.

Wurare biyar ne suke riƙe dauɗa a jallabiya: wuya, bakin hannu, hammata, bakin aljihu da lafin ƙasa. Su za ka goga wa sabulun sanda ka bi da buroshi ta hanyar da zare ya kwanta. Sauran jikin rigar cuɗawa kawai yake so. Wurin aikin zare kada buroshi ya hau shi, tafin hannu ya isa. Wajen matsewa, ninka rigar biyu ka matse a hankali. Murɗa mai ƙarfi tana karya zaren ɗinki, tana kuma barin layukan da za su wahalar da kai a teburin guga.

Ɗauraya uku, kowace lita 20. Nan ne mafi yawan masu wanki suke yi wa kansu ɓarna don tsimin ruwa: omon da ya rage a zare, da dutsen guga ya hau shi sai ya koma rawaya, mai kaya kuma ya yi ta susa. Lissafin zubin farko ke nan, jarka 5 zuwa 6. Amma daga zubi na biyu ba za ka sayi haka ba, in ka iya juya ruwa. Ruwan ɗauraya ta uku ya zama na ta biyu a zubi mai zuwa, na ta biyu ya zama na ta farko, na ta farko a ƙara masa omo ya zama na jiƙo, wanda aka yi jiƙon fararen kaya da shi kuma ya wanke masu duhu. Da haka sabon ruwan da kowane zubi zai ci bai wuce jarka 2 zuwa 3 ba.

Akwai abin da ya wajaba ka kiyaye, tunda da kayan nan za a yi salla. A mazhabar Malikiyya najasa ba ta gushewa sai da ruwa tsantsa wanda launinsa, ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canza ba. Ruwan kumfa yana cire dauɗa amma ba ya tsarkakewa. Don haka tufar da ka ga fitsari ko jini a jikinta, ka kwarara wa wurin ruwa mai kyau a gefe kafin ta shiga baho da sauran, ɗaurayar ƙarshe kuma kullum ta kasance da sabon ruwa.

Fari a rana, a juye cikinsa waje. Masu launi da laffaya a inuwa, in ba haka ba su koɗe. A watan Mayu da Yuni, lokacin da zafi ke haura 40, jallabiya ba ta awa guda a igiya, ka kwashe ta da ɗan sauran danshi don guga. In ka hango sama ta yi ja ta gabas ko kudu da la'asar, kwashe komai, ko jiƙaƙƙe ne, ka rufe a baho.

Gangar ajiya kuma a rufe ta, a zazzage a goge cikinta duk mako, domin sauron zazzaɓin dengi a ruwa mai tsafta yake ƙwai.

Daga wata 'yar'uwa a Hajj Yusuf: Bula tana yi mini zane-zane a riga, sitaci kuma yana mannewa a dutsen guga yana barin baƙi.

Bular gari, wadda ake ce wa zahar, ba narkewa take yi a ruwa ba, yawo take yi a cikinsa, da an bar ta minti biyu sai ta fara kwanciya. Zanen daga nan yake fitowa. Ki ƙulle rubu'in cokalin shayi a ɗan kyalle, ki kaɗa shi a lita 20 har ruwan ya ɗauki launi kaɗan. Ki ɗebo a tafin hannu: in shuɗin da kyar ake ganinsa, ya yi daidai, in ya fito sosai, ƙara ruwa. Ki warware riga gaba ɗaya, ki juya ruwan da hannu, ki tsoma ta ki ɗaga sau biyu ko uku, ki fitar. Ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin kowace sai an sake juyawa. Rigar da aka tsoma a murɗe, ko aka bari a ciki aka tafi amsa sallama, ita ce ke fitowa da taswira. Wadda ta riga ta yi zane, a jiƙa ta a ruwa lita 5 da kofin shayi ɗaya na khal, wato binega, tsami yana kashe launin bular gari, za ki ji ɗan wari yana tashi, alamar tana aiki ke nan. Wasu nau'o'in bular ruwa kuma in suka tarar da sauran omo a zare sai su bar ɗigo kalar tsatsa. A san kuma cewa bula ba ta wanke komai, rawayar da ke zare kawai take ɓoye wa ido. In aka sa ta a rigar da ba ta fita ba, launin toka za a samu.

Sitacin da ke mannewa, ɗaya cikin uku ne: bai dahu ba, ya yi kauri, ko an goge rigar tana jiƙe sharkaf. Ki dama babban cokali 2 na nasha, wato garin sitaci, a rabin kofin ruwan sanyi har gudaji su mutu. Ki tafasa lita 1, ki zuba damun a ciki kina juyawa, ki bar shi a wuta minti 2 zuwa 3 har farin ya washe ya zama garai-garai. Ki sauke ki ƙara ruwan sanyi lita 3 don jallabiyar auduga, lita 5 don rawani, saboda rawanin da ya sha sitaci da yawa ba ya naɗuwa, tsayawa yake yi a kai. Ki tace da kyalle. A tsoma riga a juye, a matse, a shanya ta bushe ƙarau, sannan a yayyafa ruwa, a naɗe ta a tawul na rabin awa danshin ya ratsa ko'ina, kafin guga. Yadin tetron, haɗin auduga da zaren roba, ba ya shan sitaci sosai, a kansa yake zama, ki ninka ruwansa ko ki bar shi haka.

Kaya masu duhu da shadda, sitaci fari-fari yake bar musu. Su ƙaro ya fi dacewa da su, ga shi muna ƙasar da ta fi kowace fitar da shi a duniya. Ki nemi na hashab mai haske, ki daka babban cokali ɗaya, ya kwana a kofin ruwa, ki tace, ki ƙara ruwa lita 2. Yana ba da ƙarfi da sheƙi ba tare da fari ba. Kayan da za a adana a akwati wata da watanni kuwa kada a sa musu ko ɗaya, ƙwari da fumfuna abincinsu ne.

Daga wani mai shago a Suk Libya: Na jiƙa farar jallabiyar tetron a bilic don ta ƙara haske, sai ta koma rawaya.

Bilic na auduga zalla ne, shi ma da ƙa'ida: kofin shayi ɗaya a lita 20 na ruwan sanyi, minti 10, bayan an gama wanki, a bi da ɗauraya biyu. Tetron haɗin auduga ne da zaren roba, kuma masaƙa tana shafa masa wani sinadari na hana yamutsewa wanda bilic ke mayarwa rawaya. Ka gwada ruwan oksijin na kantin magani mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, kofin shayi biyu a lita 5 na ruwa mai ɗumi da ɗan omo, awa 1, ka shanya a rana. Wani lokaci yana ragewa, amma in rawayar ta kama sosai ba ta komawa, gara ka faɗa wa mai rigar gaskiya. Siliki, ulu da duk yadi mai talewa, bilic cinye su yake yi.

Daga wata mai wankin kayan biki a Sawra: Tabon humra, zoɓo da lalle sun fi ba ni wahala, musamman a laffaya.

Kowane da hanyarsa, kuma hanyar ɗaya tana iya kama ɗayan, shi ya sa ake tambayar mai kaya abin da ya zuba. Humra, sandaliyya, man karkar da man riɗin da ake zuba wa ful, dafaffen wake, duk maiƙo ne. Kada ki fara jiƙa su. Ki barbaɗa hoda ko garin alli a wurin ya tsotse na rabin awa, ki kakkaɓe, ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke a kan busasshen yadin, ki murza da yatsa, sannan ruwa mai ɗumi. Maiƙon da dutsen guga ya riga ya hau ya zauna ke nan, don haka ki duba wurin a haske bayan ya bushe kafin ki goge.

Zoɓo, shayi, gahawa da goro kuwa sabulun sanda kama su yake yi. In auduga ce, a ɗaure wurin a bakin kwano a kwararo ruwan zafi daga sama, in da saura a sa lemon tsami, daga baya omo. A laffaya mai laushi ruwan ɗumi kawai, ana dannawa da kyalle daga gefen tabon zuwa tsakiya. Jinin layya ruwan sanyi da gishiri, zafi dafa shi yake yi a zare. Tsatsa lemon tsami da gishiri a rana. Tawadar biro kuma sibirtu, wato sifirit, a sa kyalle a ƙarƙashi ya riƙa sha.

Lalle in an kama shi da ɗanyensa a auduga, a kankare, a wanke ta baya da ruwan sanyi, a bi da ruwan oksijin. A siliki, ko in baƙin rini ne da ake haɗa wa lallen amare, kada ki yi wa kowa alkawari. Laffaya tsawonta ya kai mita 4 da rabi, ba a murɗa ta: a ninka, a danna ruwan ya fita, a shanya a kan igiya biyu don kada nauyin ruwa ya ja ta ta karkace.

Daga wani dattijo a Fitihab: Yaran da nake koya wa guga da dutsen gawayi suna yawan huda kayan mutane da tartsatsi, wani lokacin kuma riga ta yi ƙyalli.

Baba, a fara da gawayin. Na bagaruwa ko na talha, mai nauyi, wanda in an buga biyu suke ƙara, shi ne ke daɗewa ba ya tartsatsi. Mara nauyi da mai ɓawo su ne masu fashewa. A fasa shi gutsattsari masu kaurin yatsa biyu, a tankaɗe garin. Babban kuskuren yara shi ne hura wuta a cikin dutsen. A murhu ake hura ta, sai gawayi ya yi ja ko'ina hayaƙi ya ɗauke, a ɗebo da awartaki a zuba, kashi biyu cikin uku na cikin dutsen, kada ya kai ramukan iska na gefe. A rufe, a tabbatar sakatar murfi ta kama. Sakata mai sako-sako ita ce ke zubar da garwashi a kan riga, ta kan zubar a ƙafar mai guga ma, maƙeri zai gyara ta da kuɗi kaɗan.

Bayan kowace riga uku ko huɗu, yaro ya juya wa tebur baya, ya matsa taku biyu, ya kaɗa dutsen ko ya hura ramukan toka ta fita, ya goge ƙasansa a tsumma, sannan ya dawo. Tokar da aka bari ta taru ce take fita ta ramuka da ɗan garwashi a cikinta. Kada a sa tebur inda iska ke bugowa ta gefe, amma kuma kada a yi guga a ɗaki rufe, domin gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, tana kisa. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe ita ce wurinsa.

Dutsen gawayi ba shi da maɓallin rage zafi, don haka kaya ake jerawa su bi zafinsa. Auduga tana ɗaukar har 200 a ma'aunin zafi, tetron bai wuce 150 ba, nailan 110, abin da ɗigo uku, biyu da ɗaya na jikin takardar wuyan riga ke nufi ke nan. Da an zuba sabon garwashi a fara da dammuriyya, saƙin auduga na gida, da sauran auduga mai kauri, in ya fara sanyi a shiga tetron, laffaya a ƙarshe. Kowane lokaci a gwada a farin tsumma, in ya bar ko alamar rawaya a ɗora dutsen a jiƙaƙƙen buhu ya huce. Ƙyallin da kake gani zaren roba ne ya narke ya kwanta. Mai sauƙi yana raguwa in an shimfiɗa kyalle mai ruwan khal an danna, wanda ya yi nisa ba ya gyaruwa. Rigakafinsa a goge tetron da baƙaƙen kaya ta ciki, ko a sa siririn kyalle a tsakani.

Tebur ya kai ƙugu, a shimfiɗa bargo ninki huɗu, a rufe da farin zanen auduga. A jallabiya a fara da wuya da aikin zare, ta baya, a kan tawul don aikin ya taso, sai aljihu, hannuwa, baya, gaba a ƙarshe. Rawani mutum biyu su ja shi ta tsawo yana da danshi, a ninka biyu a goge. Ƙasan dutse in ya yi baƙi, a goga shi da zafinsa a kan gishirin da aka baza a takarda, a shafa ɗan kyandir, a goge tas. Riga kuma a bar ta ta huce a rataye kafin a ninke.

Daga wata 'yar'uwa a Karari: An kawo mini zannuwan wanda ya yi amai da gudawa. In karɓa?

In za ki karɓa, da sharaɗi. A watan Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta ayyana ɓarkewar kwalara a ƙasar nan, kuma tufafin mara lafiya suna ɗauke da ita. Ki sa safar hannu ta roba, kada ki kakkaɓe su, kada su haɗu da kayan kowa. Ki auna bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, awo 1 a ruwa awo 24, ki nutsar da su minti 10. In masu launi ne da bilic zai ɓata, ki tafasa su minti 5 a tukunya kina juyawa. Bayan haka ne za a yi wankin omo, a shanya a rana. Ruwan a zuba shi a masai, ban da kwata, ban da kusa da rijiya ko kogi. Baho da buroshi a wanke su da irin ruwan bilic ɗin, hannu kuma da sabulu kafin ki taɓa abinci ko yaro. In ba ki da safar hannu da bilic ko itacen tafasawa, ki ba su haƙuri.

Daga wani mai wanki a bakin Farin Nilu: Hannuna sun tsattsage, tsakanin yatsun ƙafa kuma ya yi fari yana ƙaiƙayi.

Omo da soda suna wanke maiƙon fata kamar yadda suke wanke na riga. Safar roba lokacin jiƙo da bilic, in an tashi a ɗauraye hannu da ruwa zalla, a shafa basilin ko man kaɗanya tun fatar tana da laima, da dare a ƙara. Cin ruwan ƙafa kuwa naman gwari ne, a riƙa tsane tsakanin yatsu, a nemi man shafawarsa a kantin magani a yi mako 2 zuwa 4 ana sawa ko ƙaiƙayin ya daina. Abin da ya fi damun mu shi ne tsayuwar da kake yi a cikin kogin. Ruwan Farin Nilu da magudanan Jazira suna da tsutsar tsargiya, ta fata take shiga. Ɗebo ruwan ka yi wankin a tudu, wanda ya kwana biyu a ganga tsutsar ta mutu. In ka taɓa ganin jini a fitsari, je asibiti, maganinta ƙwayoyi ne na yini ɗaya.

Daga wani mai wanki a Bahri: Ana jibi Salla jallabiyar wani ta ɓace a hannuna. Ya ce sai na biya, ni kuma ban ci amanarsa ba. Dole ne?

Malam, a fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mai sana'ar da yake karɓar kayan jama'a ya tafi da su inda mai su ba ya gani, shi ke da lamuninsu, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Malamai sun keɓe inda aka samu shaidu cewa kayan sun halaka ba da sakacinsa ba, kamar gobara ko fashin da mutane suka gani. Ɓacewa a cikin cunkoson Salla ba ta shiga nan. Abin da za ka biya ƙimar rigar ce a yadda take ranar da ka karɓe ta, ba kuɗin sabuwa ba, ku sa dattijo ko tela ya ƙiyasta, in da saɓani ku je wurin malamin unguwa.

Mafi yawan rigunan da ake cewa sun ɓace, wani aka ba wa bisa kuskure, domin fararen jallabiyoyi 50 a igiya ba mai bambance su da ido. Kafin ka biya, ka bi duk waɗanda suka karɓi kaya a ranakun nan. Daga yanzu kuma kowane gida ka ba shi alamarsa, ƙullin zare mai launi a cikin lafin ƙasa ko lamba da alƙalamin da ba ya fita, a wurin da ba a gani. Ka ƙirga kaya a gaban mai su, ka nuna masa yagewa ko tabon da ka tarar, ka rubuta a littafi da kwanan wata, ranar karɓa ma a sake ƙirgawa. A goman ƙarshe na azumi ka san yawan zubin da ruwanka da gawayinka za su iya a yini, in ya cika ka daina karɓa, ko wane ne ya kawo.